Sababbin Agogunan Barewa

Ranar Laraba

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya kamar yadda ta baro mu. Ya jikin Yaya? Ɗinkin ya fara kamewa? Allah ya ƙara mata sauƙi, ke kuma ya ba ki ladar jinya. Ki gaida mijinta da yaran. Ina fata kina shafa maganin gwiwarki, don na san halinki, in kina hidimar wani mantawa kike da kanki.

Na rubuto ne maimakon in kira, saboda a gidan nan ko tari na yi a waya Baba yana ji daga ɗakinsa. Kin san kunnensa.

Kwana uku da tafiyarki na dawo daga makaranta na tarar ya yaye tamfol daga kan Barewa. Shekara goma sha ɗaya motar nan tana kwance a rumfar bayan gida, har na manta ja ce. Yana tsaye a kanta da tsumma, ya naɗe hannun riga, yana shafa ta kamar mai lallashin jariri. Na tambaye shi ko sayar da ita zai yi. Hararar da na sha ba sai na faɗa miki ba.

Inji bai ba da wahala ba. Bakanike ya yi kwana biyu a kai ta tashi, ƙararta har gidan maƙwabta. Cikinta ne abin tausayi. Kujerun nan biyu ɓeraye sun yi gari a ciki, soso ya zama gari, fatar ta tsattsage kamar faso. Da mai ɗinkin kujeru ya kwance su, abin da ya fito daga ƙarƙashi ya isa buɗe kanti: ɗan kunnenki guda ɗaya, cokali, da takalmin yaro wanda Baba ya rantse nawa ne. Mai kujerun mutum ne mai barkwanci, ya ce shekararsa talatin yana wannan sana'a bai taɓa ganin motar da ta haifi takalmi ba.

Baba ya ce a sa sabon soso mai tauri, a lulluɓe da fata ruwan ƙasa. Ya ce kuma a saka bel ɗin ɗaure jiki a kujera, don kin san a zamaninta ba a yin su da shi. Wannan na ji daɗinsa. Abin da ban gane ba shi ne kujerar direba. Ya sa an ɗaga ta yatsa huɗu, an matso da ita gaba har ƙirjinsa ya kusa taɓa sitiyari. Mai kujeru ya ce masa mutum mai tsawonsa zai takura. Baba ya ce shekara talatin da biyar ya yi yana koya wa mutane tuƙi, ba yau za a koya masa zama ba.

Sai maganar agoguna. Kin tuna ƙananan nan baƙaƙe da ke gaban sitiyari, na gudu da na mai da na zafin inji? Mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota da Baba ya kira, ya gwada su, ya ce lafiyarsu ƙalau, wanki kawai suke so, kuma irinsu yanzu ko da kuɗi ba a samu. Baba ya ce a cire su duka. Ya sa an kawo wasu manya masu farar fuska da lambobi ɓaro-ɓaro, na gudun ya kai girman faranti. Sai an yanka katakon gaban motar kafin su zauna. Mai wayarin ya riƙe zarto yana jinjina kai, ya ce shi dai hannunsa ba ya so. Inna, katakon nan da Baba ba ya bari mu ɗora ko yatsa a kai muna yara, shi da bakinsa ya ce a yanka.

Ban da wannan, gida lafiya. Yana cin abinci sosai, yana raha, har waƙa na ji yana yi a rumfa. Rabon da in gan shi haka na manta, don haka bai kamata in damu ba. Sai dai jiya da safe yana zuba shayi, rabi ya shiga kofi, rabi ya malale a tebur, bai daina zubawa ba sai da ya ji ɗumi a gwiwarsa. Ya ce butar ce ta karkace. Na duba butar bayan ya fita, ban ga abin da ya same ta ba.

Wataƙila tsufa ne kawai, ni ce da saka abu a rai. Ki yi mana addu'a. Kada ki nuna masa na faɗa miki zancen motar.

Taki har kullum,
Auta

Ranar Lahadi

Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Yaya da jiki. Na ji daɗi da kika ce ta fara takawa zuwa ƙofar ɗaki. Allah ya sa kaffara ne. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, kuma ki karanta ke kaɗai.

Ranar Alhamis mai wayarin ya tsayar da ni a bakin ƙofa bayan Baba ya shiga salla. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya yi magana. Ya ce shi ma Baba ne ya koya masa tuƙi, ba ya son ya ci amanarsa, amma in ya yi shiru Allah zai tambaye shi. Ya ce da ya saka agogunan a mazauninsu ya kunna fitilunsu, sau uku Baba yana tambayarsa yaushe zai kunna. Ya ƙara musu haske har suna kashe ido, Baba ya ce yanzu sun ɗan fito. Daga baya ya leƙo ta taga ya ga Baba yana bin allurar agogon gudu da yatsa, fuskarsa dab da gilashin. Sannan ya roƙe shi ya saka wata ƙararrawa da za ta riƙa kuka in gudu ya wuce sittin. Mai wayarin ya ce mini mai ganin allura ba ya neman ƙararrawa.

Sai ya miƙo mini takarda da ya tsinta a aljihun gaban motar, cikin littafin inji. Ta asibitin ido ce, wata takwas da suka wuce. Na kai wa wata abokiyar aikina da mijinta likita ne, ya yi mini bayani. Hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar a ɓoye. Na hagu ya kusa tafiya gaba ɗaya. Na dama kuma gefe da gefe ya rufe, abin da ya rage kamar mai leƙe ta ramin makulli. An rubuta a ƙasa, har an ja layi, cewa kada ya ƙara tuƙi, kuma ya dawo bayan mako biyu. Bai koma ba.

Tun daga ranar nake kallonsa, kuma ina jin kunyar kaina. Muna gida ɗaya, ina kai masa abinci sau uku, ban lura ba. Jaridar da ya ce ya daina karantawa don duk ƙarya ce. Yadda yake juya kansa gaba ɗaya in an yi masa magana daga gefe. Yadda yake bin bango da bayan hannu in zai shiga banɗaki. In yana tilawa yana riƙe da littafin a buɗe, amma shafin ba ya juyawa. Ke kin lura, Inna? Ko ke ma ya ɓoye miki?

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Jiya ya kira ni rumfa yana murmushi, ya ce zai ba ni sirri. Wai ranar da za ki dawo ba zai bari ki shiga motar haya ba. Shi zai je ya ɗauko ki a Barewa, shi kaɗai, tunda kujera biyu ce, ya tsaya a ƙofar gidan Yaya ya danna hon har ki fito. Ya ce a cikinta ya fara zagayawa da ke, a cikinta zai dawo da ke gida. Awa shida, Inna. Kin san hanyar nan, kwane-kwanen kan tudu, da tirelolin da ba sa kauce wa kowa.

Na so in ce masa na ga takardar. Mutumin da rabin direbobin garin nan suke durƙusa masa, ta ina zan fara ce masa ba ya gani? Na ce masa dai hanya ta lalace. Ya yi dariya ya ce ya san ramukanta ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yansa.

Na koma wurin mai wayarin na roƙe shi ya cire wani abu a inji don ta ƙi tashi. Ya ce Baba da kunne kawai zai gano abin da aka taɓa, kuma daga ranar ya rasa uba. Abin da ya iya yi shi ne ya ce wayar agogon zafi ba ta iso ba, ya ja mana kwana shida. Bayan haka ba shi da sauran dabara.

Ba na iya cin abinci. Ina gaban allo ina koyarwa, in na ji ƙarar birki a titi sai alli ya faɗi daga hannuna. Ki ba ni shawara. In kin kira shi, zai san ni ce, kuma ina tsoron ya ɗauki makulli a ranar don ya nuna mana ƙarya muke.

Ki gaida kowa. Allah ya rufa mana asiri.

'Yarki,
Auta

Ranar Asabar

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ina fata Yaya tana samun sauƙi. Ki fara da sanin cewa ni da Baba muna raye, babu wanda ya ji ciwo a cikinmu. Ki riƙe wannan, sannan ki karanta sauran.

Saƙonki ya iso, na kuma gane abin da kika ce, in jira ki dawo ki yi masa magana da kanki. Amma aikin ya ƙare jiya. Yau da hantsi ya sa farar rigarsa, ya ce in zo mu gwada ta, zagaye ɗaya mu dawo. Na tsaya ina tunani. In na ƙi, shi kaɗai zai tafi. In na bi shi, aƙalla akwai ido biyu a motar. Na shiga, na ja bel ɗin nan sabo har yana danne mini numfashi.

Gaskiya motar ta yi kyau. Kujerun suna ƙamshin sabuwar fata, agogunan suna walƙiya. Kuma Inna, ya iya. Ya fita da baya daga rumfa bai goge ko'ina ba. Yana canza giya da jin ƙarar inji, yana rage gudu kafin kowane rami, yana gaya mini wane shago muke wucewa. Sai daga baya na gane ba gani yake ba, haddace titin ya yi. Can ya tambaye ni, kamar wasa, allurar mai tana ina, wai yana gwada ko na iya karanta agogo. Na faɗa masa. Bayan kaɗan ya tambayi ta zafi. Na faɗa masa. Na riƙa cewa ga mai keke a dama, ga akuya, kamar hira nake, shi kuma yana cewa ya gani. Har na fara ce wa kaina wataƙila mu dawo lafiya.

Kin san mahaɗar bakin kasuwa. Watan jiya aka yi mata gyara, aka sa shinge a tsakiya, masu tsallakawa suka koma bi ta gefen hagu. Baba bai sani ba. Ya sha kwana yadda ya saba shekara talatin. Wani dattijo ya turo baro cike da lemo daga hagu, yana tsakiyar titi, a fili, rana tsaka. Na jira Baba ya taka birki. Na dube shi, idonsa a buɗe, fuskarsa a sake, ƙafarsa a kan totur. Ban san lokacin da na yi ihu na fizgi birkin hannu da hannu biyu ba. Motar ta ja gefe, ya taka nasa birkin, amma mun riga mun kai. Na ji ƙarar ƙarfe, na ga lemo yana birgima a kan bonet, dattijon kuma ban gan shi ba.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na yi ta kokawa da bel ɗin kafin ya kwance. Baba yana riƙe da sitiyari, yana juya kai dama da hagu, yana tambayata a hankali me muka buga. Bai ce wa muka buga ba, me muka buga ya ce.

Da na fito na tarar da dattijon zaune a ƙasa yana riƙe da hannunsa yana salati. Baron ne ya sha dukan, shi kuma ya ture dattijon. Mutane suka taru, wasu sun fara ɗaga murya. Sai wani direban tasi ya gane Baba, ya ratsa taron yana cewa a yi hankali, wannan malaminsu ne, ba ya kuskure, tsohuwar mota ce birki ya tsinke. Nan da nan kowa ya kama, ana Allah ya kiyaye gaba, ana zagin tsofaffin motoci. An ba shi ƙofar fita a buɗe, ni kaina na so ya bi ta.

Baba ya fito yana dafa ƙofa. Ya tsaya har aka yi shiru, sannan ya ce, "Birkin nan lafiyarsa ƙalau. Ni ne ban gan shi ba. Ba na gani."

Direban tasin ya sunkuyar da kai kamar shi aka kama da laifi. Baba ya ce in kai shi wurin mutumin. Na riƙe hannunsa a gaban jama'a, karo na farko a rayuwata, na ja shi taku biyar. Ya durƙusa a kan kwalta da farar rigarsa ya nemi gafara.

Mun kai dattijon asibiti a tasin. Wuyan hannunsa ya karye, an ɗaure shi, sun ce zai warke amma zai daɗe bai tura baro ba. 'Yan sandan hanya sun rubuta bayani, Baba ya ciro lasisinsa da kansa ya ajiye musu a tebur. Bakanike ne ya dawo da Barewa gida.

Tun da muka dawo yana ɗaki. Bai ci komai ba. Da na gaya masa na ga takardar asibiti tun kwanaki, bai yi faɗa ba, kuma na fi son ya yi. Na san ina da nawa laifin. Na sani, na yi shiru, na shiga motar, wani bawan Allah ya biya da hannunsa. Da taku ɗaya ya ƙara, da yanzu wani labarin nake rubuto miki.

Ki sa mu a addu'a.

Auta

Ranar Alhamis

Innata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Yaya da mijinta da yara. Na ji an cire mata zare, alhamdu lillahi.

Kwana uku Baba bai fito ba sai don alwala. Ina ajiye abinci, ina ɗauke shi yadda na ajiye. Na ɗauki hutu a makaranta don na kasa barinsa shi kaɗai. Na riƙa zama a bakin ƙofarsa ina sauraron motsinsa, in na ji shiru ya yi yawa sai in ƙirƙiri dalilin shiga.

Ranar Talata da safe ya fito da kansa, ya ce in raka shi gidan mai lemo. Sun daɗe suna hira. Dattijon ya ce ya yafe tun a titi, har ya tsokane shi cewa ya ji wai shi ne mai koya wa mutane taka birki. Baba ya yi dariya kaɗan, ta farko tun ranar. Daga can ya ce mu wuce asibitin ido.

Likitar ba ta ɓoye mana komai ba. Na hagu ya tafi, ba zai dawo ba. Na dama saura kaɗan, kuma watannin da ya yi bai zo ba sun ci da yawa. Ta ce magani ya daina isa, sai aiki. In an yi, ana sa ran riƙe abin da ya rage. Amma ta ce ido in ya kai wannan matsayi, wani lokaci aikin kansa yakan tafi da sauran. In kuma ba a yi ba, tafiyar tabbas ce, wataƙila kafin shekara. Baba ya saurara har ta gama, ya ce a yi. An sa ranar Talata mai zuwa, ƙarfe takwas na safe.

A hanyar dawowa ya gaya mini abin da ya sa ya ɓoye. Ya ce ba makantar yake tsoro ba kamar ranar da za ki fara yi masa magana da muryar da ake yi wa marar lafiya. Ya so ki gan shi sau ɗaya tak a bayan sitiyari kafin ki sani. Ya ce wauta ce, kuma ya san haka tun yana sa a yanka katakon.

Jiya ya kira mai wayarin ya ba shi makullin Barewa ya ajiye a wurinsa, ya ce ko ya zo da kansa yana roƙo kada ya ba shi.

Inna, ina tsoron Talata. Ina kallonsa yana zaune a tsakar gida yana juya kai a hankali, yana duban bishiya, yana duban igiyar shanya, yana duban fuskata har sai na kau da kai. Na san abin da yake yi.

Yanzu haka yana kusa da ni. Ya san ina rubuto miki, ya kuma san na faɗa miki komai. Ya ce in ba ki haƙuri, sauran zai faɗa da bakinsa. Ya ce in Yaya za ta iya zama ba ke, ki taho kafin Talata, kada ki tsaya haɗa kaya. Ya ce ki yi sammako ki shiga motar farko don ki iso da azahar, kada ki kai yamma, saboda da rana tsaka ne ya fi gani. Zai sa kujera a bakin ƙofa inda haske yake. In kin sauka, kada ki zo ta gefe. Ki biyo tsakiyar layi, ki tsaya a gabansa sosai, kuma kada ki yi saurin shiga gida.

Allah ya kawo ki lafiya. Muna jira.

Autarki